Yawon duwatsu da babur mai ƙafa huɗu

Yawon duwatsu da babur mai ƙafa huɗu wani nau'in yawon buɗe ido ne da baƙi ke hawa ƙananan babura masu taya huɗu, su bi bayan jagora ta hanyoyin karkara marasa kwalta, suna ratsa tudu da gangara, kwari, ƙorama da gindin dutse. Turawa na kiran wannan babur kwad, ko ATV a taƙaice, wato abin hawan da ke shiga kowace irin ƙasa. Sana'ar ta yi ƙarfi a Amurka, Maroko, Masar, Turkiyya, Namibiya da Indonesiya. Abubuwa uku ne ke riƙe da ita: lafiyayyen babur, jagoran da ya san ƙasar, da zaman lafiyar yankin da za a ratsa. A ƙasar Hausa, yankin Gusau, Tsafe da Bungudu a Jihar Zamfara yana da duwatsu da tsofaffin garuruwa irin waɗanda ake nema a wannan yawo, sai dai rikicin 'yan bindiga ya mayar da shiga dajin yankin da babur batun tsaro.

Ƙirar babur ɗin

Ana zama a kan babur mai ƙafa huɗu kamar yadda ake zama a kan babur mai ƙafa biyu, ƙafa ɗaya a kowane gefe, ana kuma juya shi da hannuwa. Tayoyinsa gajeru ne masu faɗi da manyan haƙora, kuma iskar da ake ba su ba ta kai kwatan ta tayar mota ba. Wannan ƙarancin iska shi ke sa tayar ta baje a kan yashi ko taɓo maimakon ta nutse. A mafi yawansu totur ɗin ɗan maɓalli ne da ake dannawa da babban yatsa, ba murɗawa ake yi ba, don kada gargada ta sa hannu ya ƙara wuta ba da niyya ba. Da yawa daga cikin na zamani suna sauya giya da kansu, shi ya sa wanda bai taɓa hawa babur ba yake iya tayar da shi cikin mintuna kaɗan.

Girman injin yana farawa daga sisi 50 na yara har zuwa sisi 1,000. Akwai na aikin gona, masu mazaunin kaya gaba da baya, waɗanda sau da yawa tayoyi huɗun duka ke ja, akwai kuma na wasanni marasa nauyi. Manyan na aikin gona kan wuce kilo 300. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera shi sun haɗa da Honda, Yamaha, Suzuki da Kawasaki na Japan, Polaris na Amurka, Can-Am na Kanada da CFMoto na Sin.

Tarihi

Asalin wannan abin hawa mai ƙafa uku ne. A ƙarshen shekarun 1960 dillalan Honda a Amurka sun nemi abin da za su riƙa sayarwa lokacin sanyi, sa'ad da cinikin babur ke tsayawa. Injiniyan kamfanin Osamu Takeuchi ya ƙera wani ɗan babur mai manyan tayoyi uku, aka fitar da shi kasuwa a shekarar 1970 da sunan US90, daga baya aka kira shi ATC90. Don wasa aka yi shi, amma manoma da makiyaya suka gane yana shiga inda mota ba ta shiga, yana kuma shan mai ƙasa da tarakta.

A shekarar 1982 Suzuki ya fitar da QuadRunner LT125 mai taya huɗu, sauran kamfanoni suka biyo baya. A 1986 Honda ya kawo FourTrax 350 wanda tayoyinsa huɗu ke ja gaba ɗaya. A daidai wannan lokacin mace-mace a kan mai ƙafa uku sun yi yawa a Amurka, musamman tsakanin yara. A 1988 hukumar kula da lafiyar kayayyakin masarufi ta Amurka, CPSC, ta ƙulla yarjejeniyar shekara goma da manyan kamfanonin, suka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku, suka kuma yarda su riƙa ba masu saye horo. Daga nan mai ƙafa huɗu ya mamaye kasuwa. Da babur ɗin ya yawaita ya kuma yi sauƙin tuƙi, sai masu masauki da masu shirya yawon buɗe ido suka fara ba da hayarsa tare da jagora.

Yadda ake gudanar da yawon

Yawon kan ɗauki awa ɗaya zuwa uku, akwai na yini guda, akwai kuma na kwanaki da ake kwana a ƙauyuka ko a tanti. Kafin a tashi ana ba kowa hular kwano da tabaran ƙura, wani lokaci da safar hannu, a nuna masa totur da birki, sannan ya yi 'yan zagaye a fili jagora yana kallonsa. A nan ake gane wanda hannunsa bai faɗa ba, a sa shi kusa da jagora ko a hana shi tuƙi.

Tafiyar jeri ɗaya ce kamar ta ayarin fatake. Jagora na gaba, shi ke zaɓen hanya da yawan gudu, wani ma'aikacin kuma yana ƙarshen layi da kayan gyara, igiyar ja da akwatin agajin gaggawa. Ba a wuce juna, ba a fita daga sawun na gaba, ana kuma barin tazara saboda ƙura da tsayuwar ba-zata. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, don haka da alamar hannu ake ba da umarnin tsayawa ko rage gudu.

Tuƙin yana buƙatar jiki duka. Wajen hawa tudu mai tuƙi yana rusunawa gaba, wajen gangara yana ja da baya ya sauka a hankali, idan kuma ana ratsa gefen tudu yana karkata jikinsa ɓangaren sama. Doguwar kujerar an yi ta ne don wannan motsi, ba don goyo ba, sai a samfurin da aka ƙera musamman don mutum biyu. Ana kuma gargaɗin baƙi kada su sauke ƙafa ƙasa babur na tafiya, domin tayar baya na iya kama ta.

Aikin jagora ya wuce nuna hanya. Shi ya san ƙoramar da ke cika bayan ruwan sama, da gangarar da ke santsi, da gonar da mai ita bai yarda a ratsa ba, da wurin da mutanen gari ke girmamawa. Shi ne kuma ke shirya inda za a ya da zango a sha shayi ko a ci abinci, wanda ta nan ne kuɗin baƙi ke isa hannun mutanen ƙauye.

Wuraren da suka yi suna

A Maroko ana yin wannan yawo a tuddan tsakuwa na Agafay, kimanin kilomita 30 daga Marrakesh, da kuma tudun yashi na Merzouga. A Masar ana yin sa a duwatsun da ke bayan Sharm el-Sheikh, a Turkiyya a kwarurukan Kapadokiya kusa da Goreme, a Namibiya tsakanin Swakopmund da Walvis Bay, a Indonesiya kuma a gonakin shinkafa da rafukan da ke kewaye da Ubud a tsibirin Bali.

Babban misalin da karkara mai duwatsu ta mayar da wannan yawo hanyar samun abinci shi ne hanyoyin Hatfield-McCoy a kudancin jihar West Virginia ta Amurka. Yankin ya dogara ne da haƙar kwal, da aikin ya ja baya kuma sai garuruwa suka fara mutuwa. Majalisar dokokin jihar ta kafa hukumar kula da hanyoyin a 1996, aka buɗe su a watan Oktoba na 2000 da tsawon kusan kilomita 480. Yanzu sun haura kilomita 1,600. Mafi yawan ƙasar mallakin kamfanonin kwal, katako da filaye ce, hukumar ke karɓar izinin ratsawa daga gare su. Kowane mahayi yana sayen takardar izini, sa hular kwano dole ne, an kuma raba hanyoyin da alamu bisa wahalarsu. Masaukai, gidajen abinci da shagunan haya sun buɗe a ƙananan garuruwan da hanyoyin suka ratsa.

Haɗari da dokoki

Taya huɗu na sa baƙo ya ɗauka babur ɗin ba ya faɗuwa, alhali kifewa ita ce babban haɗarinsa. Bai da faɗi sosai, nauyinsa da na mahayi kuma suna sama, don haka gefen tudu, rami ko kwana da gudu na iya juya shi. Idan ya kife ya danne mutum, nauyinsa na iya karya ƙirji ko hana numfashi. A kan kwalta ma haɗarin ƙaruwa yake yi, domin a samfura da yawa tayoyin baya tare suke juyawa da gudu ɗaya, sai su riƙe kwalta su ƙi bin kwana.

Hukumar CPSC ta kiyasta cewa a Amurka ɗaruruwan mutane ke mutuwa kowace shekara a kan wannan babur da danginsa, kimanin 100,000 kuma ake kai su sashen gaggawa na asibiti. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka na ba da shawarar kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa shi. A 2008 Amurka ta mayar da ƙa'idojin ƙera shi doka. A Ostireliya, inda yake cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gonaki, an kafa ƙa'ida a 2019 wadda ta wajabta, daga watan Oktoba na 2021, a sa wa sababbin baburan aiki wani ƙarfe a baya da zai tokare ƙasa idan babur ya kife, ya bar wa mahayi sararin fita. Honda, Yamaha da Polaris ba su amince da sharaɗin ba, suka janye irin waɗannan babura daga kasuwar ƙasar.

A karkara akwai ƙarin matsalar nisa da asibiti. Raunin kai ko na ƙashin baya yana buƙatar kulawa cikin gaggawa, don haka hanyar sadarwa da motar ɗaukar majinyaci suna cikin abubuwan da ake dubawa kafin a buɗe hanya ga baƙi.

Tasiri ga ƙasa da mutanen karkara

Haƙoran taya suna tone ciyawa su bar sawu, ruwan sama ya bi sawun ya mayar da shi kwazazzabo. A gangara wannan na kawo zaizayar ƙasa, a fadama kuma yana dagula ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Ƙara da ƙura na firgita garke su kuma dami mazauna ƙauye. A Namibiya sawun ababen hawa ya lalata tsirrai masu jinkirin girma a gaɓar teku, ya kuma shafi wuraren da tsuntsaye ke ƙwai a ƙasa. Bayan kafa gandun Dorob a 2010, an keɓe wuraren da aka yarda a shiga da babur, sauran kuma aka rufe su.

Inda aka tsara abin da kyau, matasan yankin ne ke zama jagorori da makanikai, masu ƙasa na karɓar kuɗin ratsawa, hanya kuma tana kauce wa gonaki, burtali, maƙabarta da wuraren ibada. Inda ba a tsara ba, kamfanin birni ne ke kwashe riba, ƙura da ɓarna su rage wa mutanen ƙauye.

Agadez da yawon hamada

A yankunan da ake jin Hausa, Agadez a Jamhuriyar Nijar ce ta fi daɗewa da sana'ar kai baƙi cikin duwatsu da hamada, mafi yawa da motoci masu shiga yashi da kuma raƙuma. Gasar tsere ta Paris-Dakar, wadda aka fara a watan Disamba na 1978, ta bi ta Agadez tun karon farko, ta kuma sa duwatsun Ayir da hamadar Tenere suka yi suna a Turai. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadez ke ɗauke da sunansa, ya kafa kamfanin yawon buɗe ido mai suna Temet Voyages. UNESCO ta sa Ayir da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, ta ƙara da tsohon garin Agadez a 2013.

Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, sannan sace ma'aikatan ma'adinai a Arlit a watan Satumba na 2010, sun kori baƙin. An soke gasar Dakar ta 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, shekarar da aka ware wa babur mai ƙafa huɗu rukuninsa, daga bisani kuma Saudiyya a 2020. Direbobi da jagororin Agadez da yawa sun koma jigilar masu tafiya Libiya, har dokar 2015 ta haramta hakan, kafin a soke ta a watan Nuwamba na 2023.

Duwatsun Gusau, Tsafe da Bungudu

An ƙirƙiri Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, da ƙananan hukumomi 14, Gusau ce babban birninta. Gabashin jihar yana kan tsohon dutse mai tauri, inda manyan duwatsu ke tasowa ɗai-ɗai a tsakiyar filin noma. Babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta Funtuwa tana bi ta Tsafe, Kwatarkwashi da Gusau, sannan ta wuce Bungudu ta nufi Sakkwato. Matafiyi na ganin duwatsun daga bakin titi. Hanyoyin da ke shiga ƙauyuka daga titin yawanci na ƙasa ne, da damina suna cika da taɓo da ƙoramu, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu kuma suna bushewa.

Dutsen Kwatarkwashi, a Ƙaramar Hukumar Bungudu, gabas da Gusau, shi ne ya fi suna a cikinsu. Tarihin baka na cewa wani mafarauci mai suna Mangul ne ya kafa garin, sunan kuma ya samo asali daga wani sarki da ya biyo bayansa, Kwatashi. Mutanen farko sun zauna a kan dutsen da gindinsa saboda kariya daga mahara, an kuma daɗe ana danganta shi da iskoki a addinin gargajiya. Garin ya shahara da bikin kamun maiki, inda a da samari kan hau dutsen su kamo tsuntsun. Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar, wanda ya rasu a watan Yuni na 2022, ya yi shekara 61 a kan gadon sarauta.

A Ƙaramar Hukumar Tsafe akwai 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai da ɗalibai ke zuwa daga nesa kafin jihadi. Tarihin baka na Katsina yana cewa daga nan Korau ya fito, wanda ya kafa sabuwar sarauta a Katsina. Dakarun jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello sun ci garin wajen 1806, bayan malamansa sun ƙi mara wa Shehu Usman Ɗanfodiyo baya.

Babur da tsaro a Zamfara

Abin hawan da ke shiga waɗannan duwatsu da ƙauyuka shi ne babur mai ƙafa biyu. Da shi 'yan kabu-kabu ke kai mutane kasuwa da asibiti, da shi manomi ke fito da buhun masara ko dawa zuwa bakin titi. Sauƙin shiga dajin da ya sa babur ya zama abin dogaron talaka shi ne kuma ya sa ya zama abin hawan 'yan bindiga, waɗanda ke kai hari a ayari, mutum biyu ko uku a kan kowane babur. Sau da yawa sukan haɗa da sababbin babura a cikin abin da suke nema na fansa.

Rikicin ya faro ne da satar shanu da ramuwar gayya a farkon shekarun 2010, ya rikiɗe ya zama garkuwa da mutane da ƙaƙaba wa ƙauyuka haraji. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. A watan Mayu na shekarar rundunar sojan ƙasa ta haramta hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai: Zamfara, Katsina, Kano, Sakkwato, Kebbi, Kaduna da Neja. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Matakan sun shafi 'yan bindiga, sun kuma shafi 'yan kabu-kabu da manoma da ke rayuwa a kan babur ɗin.

Hare-haren sun kai har gefen babbar hanya da kewayen Gusau. A watan Afrilu na 2023 an sace mutane kusan 80 a Wanzamai ta Ƙaramar Hukumar Tsafe, yawancinsu yara da mata da suka shiga daji neman itace da aikin gona. A watan Satumba na shekarar an sace ɗalibai sama da 20 na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida. A watan Janairu na 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara don taimaka wa jami'an tsaro a ƙananan hukumomi. Gwamnatocin Birtaniya da Amurka na gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su je jihar. A irin wannan yanayi ayarin babura a cikin daji yana iya faɗawa hannun 'yan bindiga, jami'an tsaro kuma na iya ɗaukarsa a matsayin na mahara, don haka makomar yawon duwatsu a Kwatarkwashi da Tsafe tana rataye ne da dawowar tsaro a hanyoyin karkarar yankin.